Abin da Ke Bayan Kabad ɗin Manaja

Tun da Allah ya yi ta ba ta taɓa zama manajar ko da teburin sayar da kati ba. Shara da gyaran gado ta yi a wani otal na tsakiyar gari, tun tana hawa bene da gudu har gwiwoyinta suka ce su fa sun gaji. Amma a dogon gidan hayar nan na ƙaramar hukuma, inda ɗakuna suka yi layi suna kallon juna, ba mai kiranta da wani suna sai Manaja. Ta ci sunan kuwa. In ta ga tsintsiya a kwance sai ta tsayar da ita, in ta ga shanyar wani ta karkace sai ta gyara, ta kuma bi mai shanyar da wani kallo har ya ji kamar shi ne ya karkace.

Abu ɗaya otal ya koya mata, ta kuwa riƙe shi hannu bibbiyu: baƙo ba ya ganin aibu. In kafet ya yage a ɗora tebur a wurin, in bango ya yi tabo a rataya hoto. Gyara na masu otal ne. Nata shi ne kafin baƙo ya murɗa ƙofa komai ya koma kamar ba a taɓa kwana a ɗakin ba. Da wannan aikin ta raini ɗanta tilo bayan rasuwar mijinta, da shi kuma ta samu ɗakin da take ciki. Ranar da ta je ofishin gidaje neman ɗaki, akawu ya ce sai ta zo da maigidanta ya sa hannu. Ta ce masa maigidan yana nan a maƙabarta, in yana so ta raka shi. Ta yi ta yi masa zarya har ya gaji da ganinta ya rubuta sunanta. A duk duniya wannan ɗakin ne kaɗai abin da ke ɗauke da sunanta, shi ya sa take son sa fiye da yadda ya cancanta.

Don kuwa ɗakin bai cancanta ba. Shi ne na ƙarshen layi, jingine da banɗakin gidan gaba ɗaya. Haka aka saba a gidan, ɗakunan bakin ƙofa na masu iya ɗaga murya a ofis ne, na can ƙurya kuma na matan da ba su da mai ɗaga musu. Wani bututu ya fashe a cikin bangon, bango ya fara tsatsafo da ruwa, fenti ya kumbura ya zube, rufi ma, inda bututun ya ratsa, ya ce ba za a bar shi a baya ba. Manaja ta yi abin da ta iya. Ta sa aka ja mata ƙaton kabad ɗinta ya rufe wurin, ta ɗora akwatuna a kansa har sama, ta saya wa ɗakin turare. Sau ɗaya ta taɓa kai ƙara ofis, ta ci ado kamar mai zuwa biki, da aka tambaye ta girman ɓarnar sai ta ce ɗan laima ne kawai. Aka ce ta je za a zo. Har yau ana zuwa.

Wanda turare bai ruɗa ba shi ne ɗan nata, direban bas, mai mata da yara a can wajen gari. Ya ji tarin da take yi, ya taka kafet ya ji ruwa a ƙafarsa.

"Mama, in ba a gyara ɗakin nan kafin damina ba, zan zo da mota in kwashe ki. Na faɗa miki."

"Ka kwashe ni? Ni buhu ce?"

"Ko me za ki ce ki ce. Akwai ɗakin yara, ki zauna da su."

Ba ta da wata matsala da surukarta, yarinya ce mai kirki. Amma ta san yadda abin zai kasance. Za ta zama tsohuwar da ake cewa "a bar ta ta huta", tana kallon ana ninke zanin gado ba daidai ba, ba halin magana. Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda ba ta ji ba tun rasuwar mijinta.

Ana cikin haka sai labari ya zo cewa wata malamar jami'a za ta shigo gidan. Bincike take yi a kan yadda ƙaramar hukuma ke kashe kuɗin gyaran gidajenta, da ko ɗakunan mata ne ake tsallakewa. Za ta yi tambayoyi, ta ɗauki hotuna, ta kai wa kwamitin kasafi ranar da zai saurari jama'a. Gida ya ɗauki harama. Mai aski na ɗakin farko, wanda rufinsa lafiya ƙalau yake, ya tanadi bokitin ruwan da zai kwarara a ƙasa da safen ranar. Mai ɗinki, maƙwabciyar Manaja kuma aminiyarta, ta shigo ta kama mata hannu.

"Yaya, don girman Allah, wannan karon kada ki taɓa komai. Ki ja kabad ɗin nan gefe, ki bar matar nan ta ga abin da ake ciki."

"To ni yarinya ce? Na ji."

Ta ji ɗin kuwa, har ga Allah. Sai dai ta ce shara ai ba ɓoye aibu ba ce. Da ta share sai ta ga gogewa ma ba laifi. Da ta goge sai labulen ya yi mata tsufa kusa da ƙasa mai ƙyalli, ta fito da sabo. Kwanukan da ke taren ɗigar rufi kuwa, ai ba a tarbar baƙo da kwano a tsakar ɗaki, ta tura su ƙarƙashin gado. Tabon silin ta liƙe shi da farar takarda, ta yi masa kyau yadda sai ka ce haka aka ƙera shi. Kabad kuma ta dube shi ta ce ai nauyi gare shi, ita da ciwon gwiwa. Kafin azahar ɗakin ya koma abin da baƙin otal ke biyan kuɗi su kwana a ciki.

Malamar ta iso, mace mai fara'a, takalminta duk ya jiƙe da ruwan ɗakin mai aski. Ta tsaya a bakin ƙofar Manaja ta rasa inda za ta taka.

"Mama, an ce mini ɗakinki ne ya fi shan wahala."

"Wa ya faɗa? Mutane dai da surutu. Zauna, 'yata, ga shayi."

Malamar ba ta da wauta. Ta shaƙi iska ta ce kamar tana jin warin laima, ta dubi kabad ta tambaya ko za a iya leƙa bayansa. Manaja ta ƙara mata sukari, ta tambaye ta ko tana da aure, yara nawa, me ya sa ta rame haka. Duk lokacin da bakinta ya ɗauko gaskiya sai wani abu ya danne ta, ta ji kanta tana cewa, "Mun gode Allah, ba mu da matsala." Malamar ta ɗauki hoton ɗakin, ta yi godiya ta fita. Mai ɗinki ta leƙo, ta ga sabon labule, ta juya ta koma ɗakinta. Sai da ta yi kwanaki ba ta aiko mata da ko gaisuwa ba.

Ranar sauraron jama'a zauren ƙaramar hukuma ya cika. Malamar ta yi bayani tiryan-tiryan, ta nuna cewa yawancin gyaran da aka yi a gidajen bai wuce ɗakunan bakin ƙofa ba, ta haska hotuna a bango. A ƙarshe ta haska na ɗakin Manaja, don ta nuna irin ƙoƙarin da mata ke yi da kansu inda hukuma ba ta leƙawa. Ɗakin ya fito ƙato a bango, gado a miƙe ba ko lanƙwasa ɗaya, labule na sheƙi. Zaure ya yi "kai!" Wata mata a baya ta ce ita ko a fim ba ta ga irin wannan gado ba.

Sai injiniyan hukuma ya miƙe, mutum mai tumbi da murmushin wanda ya tsinci abin da bai yar ba.

"Ranka ya daɗe shugaba, a bar wannan hoton tukuna. Wannan shi ne ɗakin ƙarshe, na jikin banɗaki, wanda ake cewa ya fi kowanne lalacewa. Jama'a ku duba da kyau. Ni kaina ɗakina bai kai wannan ba. In haka ɗakunan ƙurya suke, ina ganin kuɗin bana a kai shi wani gidan."

Aka yi dariya, wasu har da tafi. Abin kunyar shi ne, Manaja ta ji daɗi. Shekara da shekaru tana gyara wa mutane gado ba wanda ya taɓa tafa mata, yau ga zaure guda yana yaba aikinta. Daɗin ya hau mata har wuya, sai kuma ya haɗu da ɗakin yaran ɗanta a can wajen gari, da motar da za ta zo. Mai ɗinki, da ke zaune kusa da ita duk da fushin, ta mintsine ta a cinya.

Shugaban kwamitin ya tambaya ko mai ɗakin tana nan. Ta miƙe, gwiwoyi na ƙara.

"Mama, ɗakinki ne wannan?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Akwai wata matsala a cikinsa?"

Ta buɗe baki, ta ji "mun gode Allah" ta taho da gudu, ta yi maza ta rufe. Ta san kanta. In ta yi magana za ta kare ɗakin, in ta ce su biyo ta su gani, sai ta san yadda ta yi ta riga su isa ta kunna turare. Sai ta kwance bakin gyalenta, ta ciro makulli, ta taka har gaban tebur ta ajiye shi.

"Ga shi. Ku je yanzu-yanzu, ku ja kabad, ku ɗaga kafet, ku leƙa ƙarƙashin gado. Ku tafi da wannan mai tumbin, shi zai ja. Ni ba zan bi ku ba." Ta juya wajen mai ɗinki. "Ke kuma ki riƙe ni. Ko na ce fitsari nake ji kada ki sake ni."

Gidan ba nisa, shugaban kuma ya ga idon jama'a a kansa. Ya tura injiniya da malamar da wasu 'yan kwamiti. Manaja ta koma ta zauna, mai ɗinki ta damƙe mata hannu. Wannan zaman shi ne aiki mafi wuya da ta taɓa yi. Ta tuna ta fito da sauri ta bar kofi ba wanki. Ta tuna kwanukan ƙarƙashin gado ba ta zubar da ruwansu ba. Ta ce tana jin ƙishi, ta ce ta bar wuta a kunne, ta ce wa mai ɗinki dama can ba ta da mutunci. Mai ɗinki ta ce duk ta yarda, ta ƙara matse hannun.

Da suka dawo, injiniya ne a gaba, farar rigarsa ta yi baƙi daga kafaɗa zuwa ciki, ɓarɓashin siminti a gashinsa, yana ta atishawa. Ya ce da suka ja kabad rabin filastar bangon ta biyo shi. Ya ce bai san yadda mutum ke kwana a wurin ba. Malamar ta haska sabon hoton da ta ɗauko, kowa ya ga bangon. Shugaban ya yi gyaran murya ya ce da layin ƙurya za a fara, kuma da wannan ɗakin, kafin ruwa ya sauka.

Mata suka yi ta yi mata barka a hanya, ita kuwa ba ta iya ɗaga kai ba. Ta tarar da ƙofarta a buɗe, sawun takalma har kan kafet, kabad a tsakar ɗaki. Bangon yana tsaye tsirara, baƙi ƙirin, ruwa na gangara a jikinsa. Ita kanta rabonta da ganinsa an yi shekaru, ba ta san ya kai haka ba. Ta zauna a bakin gado ta daɗe tana kallonsa, kunya da sauƙi suka haɗu suka cika mata ido.

Ta ɗauki waya ta kira ɗanta.

"Ka bar motarka inda take. An duba ɗakunan gidan nan kaf, an ce nawa ya fi kowanne muni. Ni na zo ta ɗaya."

Ya ce, "Mama, kuka kike yi?"

"Mura ce. Ka taho da tsintsiya in za ka zo, sun tattake mini tawa."