Anti Makulli da Layin Wankin Ƙoda

A sashen wankin ƙoda na asibitin nan injuna huɗu ne kacal, masu jira kuwa sun haura arba'in. Da can a littafi ake rubuta layi, kuma kowa ya san yadda ake yi: mai ɗan'uwa a ciki ya soke sunan wani da biro ya sa nasa. Sai aka kawo wata sakatariya, doguwa, mai tabarau ɗaure da zare, ta mayar da layin cikin jadawalin kwamfuta mai gida-gida.

Kai, matar nan ta san aikinta! Kowane gida da mai shi. Nas tana iya cike gidan nauyi da awon jini, amma ta kuskura ta taɓa gidan ranar wanki, sai kwamfuta ta ce ba ta da izini. Mutum biyu kaɗai ke iya gyara wannan gidan, likitan sashen da ita. Daga nan aka laƙaba mata Anti Makulli. An yi mata daɗin baki, an kawo mata turare, wani babba har tebur ya buga mata. Ita dai sai ta gyara tabarau ta ce a je a ga likita. Shekara tara ana haka.

Wata Talata da hantsi aka kawo mahaifiyar Anti, ƙafafu sun kumbura suntum. Likita ya duba ya ce lallai tana buƙatar wanki, amma akwai waɗanda suka fi ta galabaita. Ya sa ta ta goma sha tara, wato sai ta jira kwana shida.

Anti ta zauna gaban kwamfuta. Babbar nas da ke tsaye bayanta ta kau da kai da gangan, kuma wallahi da Anti ta matsar da sunan ba mai cewa uffan. Ita kanta Anti ta san zuciyarta ba za ta jure kwana shida ba tare da ta taɓa layin ba. Sai ta buɗe jerin masu izini, ta cire sunanta, ta bar komai a hannun likita. Ta gwada taɓa gidan, kwamfuta ta hana ta. A nan ta kifa kai a tebur ta yi kuka mai isarta.

Da ta wanke fuska ta je gefen gadon mahaifiyarta, tsohuwar ta kamo hannunta.

“'Yar nan, ba ke ce mai riƙe da layin ba?”

“Ni ce, Inna,” in ji ta. “Sai dai mu jira tare.”