Gaisuwar da na yi a ƙofar asibitin mata

Ku sababbin shiga, ku matso ku ji. Akwai wata Asabar a farkon shekarun casa'in da ta ƙi fita daga kaina. Lokacin ina sikiriti a wani asibitin mata a Manhattan. Hawa na biyu zubar da ciki ake yi, hawa na huɗu masu neman haihuwa ake taimaka wa, amma ƙofa ɗaya ce. Duk Asabar masu zanga-zanga sai su toshe ta. Wallahi jirgin ƙasa mai lamba huɗu da safe bai kai su cinkoso ba.

Ogarmu wata baƙar Ba'amurkiya ce, Saja muke ce mata. Ita da wasu mata sun kusa tarewa a Albany, babban birnin jihar, suna roƙon 'yan majalisa su yi dokar da za ta hana toshe ƙofar. Kafin nan dai aikinmu shi ne mu tari mace tun daga mota, mu kare mata fuska da laima, mu shigo da ita. Kuma ba a kiran suna.

Ranar har 'yan talabijin sun zo. Tasi ta tsaya, wata ta fito da baƙin gilashi da mayafi har hanci. Tafiyarta kawai na gani na gane. Anti Rabi ce, matar Alhaji Sule mai shago a Morris Heights, shekara goma sha ɗaya ba haihuwa. Tuwon gidanta da na ci ya isa a gina bene. To ni, a ce na ga matar babban yayana in wuce kamar gunki? Kafin hankalina ya iso, bakina ya riga ya ce, "Anti Rabi, ina kwana? Ya Alhaji?"

Mai kyamara ya juyo. Ta dube ni, ta ce a hankali, "Ɗanjuma, me na yi maka?" Ta koma tasi.

Daga baya nas ta fahimtar da ni. Akwai allurar da ake yi wa mace mai neman haihuwa, daga nan a ƙirga awoyi, a ciro ƙwai daidai lokaci. Nata ƙarfe tara ne. Ba ta dawo ba sai da taron ya watse bayan azahar, ƙwai sun riga sun sauka. Wahalar wata da watanni ta tafi a banza, likita kuma ya ce shekarunta ba za su ba ta wani karon ba. Talabijin ɗin ma ba su nuna hoton ba.

Saja ba ta kore ni ba. Da ma ta kore ni.

Dokar ta zo daga baya, aka yi ta murna a ofis. Ni dai abin da na gane, matanmu ba masu kwalayen zanga-zanga suke tsoro ba. Tsoronsu a ce a unguwa an gan su a asibitin zubar da ciki, wannan kuwa babu ɗan majalisar da zai yi masa doka.

Anti Rabi tana nan a Bronx. 'Ya'yan mutane take reno, da yamma iyayensu su zo su kwashe.