Sauran Awa Biyu a Tukunyar Inna

Sunan da ya fi dacewa da sana'arsa shi ne Mai Iska, amma wane magidanci zai yarda a kira shi haka a gaban iyalinsa? Sai aka rufa masa asiri, ake ce masa Mai Tukunya. Shekara goma sha tara ke nan yana kai tukwanen iskar numfashi gidajen marasa lafiya, mutanen da huhunsu ya gaji, asibiti ta sallamo su da 'yar roba a hanci. Ya sauke cikakkiya, ya ɗora wadda ta ƙare a bayan tsohuwar motarsa, ya yi gaba. Kafaɗarsa ta dama ta ɗan rusuna saboda ɗaukar ƙarfe, har telansa ya san da haka idan zai yanka masa riga.

Abin tinƙahonsa ɗaya ne: iska ba ta taɓa yanke wa kowa a hannunsa ba. Da gida goma sha biyu ya fara, duk a ka yake riƙe su. Da suka haura talatin, sai ɗansa ya bar masa tsohuwar kwamfuta kafin aiki ya kai shi wani gari, ya buɗe masa abin da ake kira wiki. Littafi ne nasa shi kaɗai, kowane gida da shafinsa, ka taɓa wannan ya kai ka wancan. Da yatsa biyu yake bugawa kamar kaza na tsintar hatsi, amma abin da ke ciki ko likita bai san rabinsa ba: wace ƙofa ce sai an ɗaga ta kafin ta buɗe, wane tsoho ne ba ya son a same shi a kwance, wane lungu ne mota ba ta juyawa.

A shafin farko akwai jadawali, kowane gida da layinsa: girman tukunya, lokacin da ya kai ta, da yawan iskar da likita ya ce a saki. Daga waɗannan kwamfuta ke lissafa awoyin da suka rage wa kowa, ta rubuta a gurbin ƙarshe. Matsalar ita ce layukan a jere suke unguwa-unguwa, sai mutum ya bi su ɗaya bayan ɗaya da ido, shi kuwa ido ya fara yi masa gardama. So yake wanda iskarsa ta fi kusa ƙarewa ya hau sama da kansa. Ya danna nan, ya danna can. Jadawalin ya yarda ya jeru bisa duk abin da ya buga da hannunsa, amma gurbin lissafin nan ya ƙi ƙememe. Mako uku yana fama, yana zagin kwamfuta ƙasa-ƙasa.

Abin dariyar shi ne maganin yana cikin gidan. Matar ɗansa malamar lissafi ce, tare suke zaune, kuma tun makon farko ta gane inda gizo ke saƙa. To amma ina ita ina gyara wa suruki kuskure ido da ido? Sai ta faɗa wa uwar mijinta a kicin, uwargida kuma ta kawo saƙon falo bayan ta zubar da rabinsa a hanya.

“Yarinyar nan ta ce wai ka lissafa kafin ka jera.”

“To da me nake yi? Rawa?”

“Ni dai an aiko ni, na isar.”

Wata Asabar da rana tsaka girman kai ya ƙare masa. Ya tura kwamfutar ƙarshen teburi, ya yi gyaran murya, ya sanar wa bango cewa zai je ya duba tayar mota. Tayar lafiyarta ƙalau, ya dai tsaya yana shurin ta har minti goma. Da ya dawo ya tarar da surukar tasa tsaye gefe, kanta a ƙasa.

“Baba, an gama. Da ma kwamfutar tana jera layukan ne tun kafin ta yi lissafin. Yanzu sai ta lissafa tukuna, mai ƙarancin awa shi ne a sama.”

Ya gyara tabarau, ya duba layin farko, ya yi tsaki. Inna ce a sama, tsohuwar da ke hawa na uku ita da mijinta, su biyu rak. Wai sauran awa biyu.

“Kin ga irinta ko? Kwamfutar nan ta haukace! Jiya-jiya da ƙarfe takwas na safe na kai mata babbar tukunya. Kwana biyu da rabi take yi mata.”

Uwargida ta yi wa yarinyar ido ta bar zancen. Yarinyar ta ga idon sarai, amma ba ta matsa ba. Ta ce, “Ka yi haƙuri, Baba. Idan ana sakin iskar a kan lamba biyu ne take kwana biyu da rabi. Nan huɗu aka rubuta, kuma jiya aka canza.”

Haka aka yi. Jiya ya tarar da takardar likita cewa a ninka iskar, shi da kansa ya murɗa ta zuwa huɗu, shi da kansa ya zo ya buga huɗun nan yana hira da uwargida. Hannu ya rubuta, kai bai ɗauka ba. A lissafinsa sai gobe da yamma zai koma.

Ya kira mijin Inna a waya yana neman makullin mota. Tsohon ya ɗauka cikin fara'a, ya ce lafiya lau, tana jin rediyo.

“Baba, duba mini allurar ma'aunin da ke kan tukunyar, a ina take?”

“Haba ɗana, ni da ko fuskarta sai na matso nake gani? Ai kai ne idonmu.”

Hanyar rabin awa ce, amma ranar kamar duk motocin garin sun haɗa baki. A wata mahaɗa ya share minti ashirin a bayan motar siminti da ta mutu, yana kallon agogo, yana addu'ar da shi kansa bai san farkonta da ƙarshenta ba. Da ya isa bai tsaya neman mai kama masa ba. Ya saɓa tukunyar, ya hau benen nan hawa uku, yana haki ya fi masu cutar.

Allurar ta riga ta kwanta cikin ja. Inna na kishingiɗe da robarta a hanci, ba ta san komai ba. Ya kwance, ya ɗaura sabuwa, ya murɗa, ruwan 'yar kwalbar da iskar ke bi ta ciki ya ci gaba da ɓulɓula.

“Jiya ka zo, yau ka dawo,” in ji Inna. “Malam, ka sa ido fa, yaron nan aurena yake nema.”

“Ya ɗauka, na bar masa har da rediyon,” in ji tsohon.

Mai Tukunya ya so ya yi dariya, amma sai ya zauna daɓas a ƙasa. Godiya ce ta cika masa ciki har ta yi masa nauyi: ga Allah da farko, sannan ga yarinyar da ta daure ta musa masa. Zai iya cewa hanya ce ta biyo da shi, ba wanda zai sani. Amma Inna ta ƙura masa ido.

“Faɗa mini gaskiya, me ya dawo da kai yau?”

“Mantuwa na yi, Inna. Da sai gobe zan zo, kuma iskarki ba za ta wuce azahar ba. Matar ɗana ce ta gano.”

Tsohon ya lalubo hannun matarsa ya riƙe. Inna ta lumshe ido, ta ja numfashi mai tsawo a hankali, har ƙirjinta ya ɗaga, sannan ta sake shi.

“To idan ka koma,” ta ce, “ka ce mata wannan numfashin nata ne.”