Shekarar da Malama ta ce kada mu shuka

Na haura arba'in kafin in kama alli da niyyar koyon karatun boko. Abin da ya kai ni ƙaramin abu ne. Na gaji da yawo da gorar maganin feshi gidan maƙwabta ina roƙon a karanta mini yadda ake haɗawa. A garinmu, can gefen hanyar Maska, mutum ɗaya ne zai koya wa babba irina ba tare da ya yi masa dariya ba, ita ce Malama.

Dattijuwa ce, mijinta ya daɗe da rasuwa. Ta yi aikin koyarwa a firamare har ta yi ritaya, amma ba wannan ya sa ake girmama ta ba. Mahaifinta babban malami ne, 'ya'yansa maza ba su rayu ba, sai ya zaunar da ita ya ba ta duk abin da yake da shi: fiƙihu, rabon gado, da hisabin taurari. Da safe tana karantar da mata a cikin gida. Bayan la'asar kuma ta fito zaure da mayafinta, mu magidanta mu zauna a tabarma, ta rubuta mana baƙaƙe a jikin allon katako.

Ni ne mafi nauyin kai a ajin. Hannun da ya saba da ƙotar fartanya ba ya jin alli. In na rubuta layi sai ya gangara kamar kunyar da aka ja a kan tudu. Sai ta duba ta ce, "Malam, wannan kunyar taka ruwa zai tafi da ita. Sake ja." In goge in sake. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba.

Akwai wata al'ada da muka gada tun zamanin mahaifinta. In ruwan farko ya sauka, manoma ba sa fita da iri sai an zo zauren nan an tambaya wane tauraro ake ciki. Ba duba ba ne, lissafi ne. Shekara a rabe take tsakanin taurari, kowanne da kwanakinsa, kowanne da halinsa da aka lura da shi tun kaka da kakanni. Sai ta ƙirga a yatsunta ta ce mana ga inda muke. Kullum takan rufe da cewa, "Wannan abin da aka saba gani ne. Ruwa dai na Allah ne." Wani ya kawo mata kwanon gero da kaka, wani ya kawo godiya kawai.

A lokacin da nake magana, garin ya rabu biyu. Kansilanmu da limamin sabon masallaci sun ɓata a kan wani fili na bakin titi. Kansila yana so a yi shaguna, Liman yana so a ƙara ajujuwan Islamiyya. Abin ya kai ba sa gaisawa ko a wurin jana'iza. Kowa kuma yana son Malama a gefensa, don sun san abin da ta faɗa da safe a cikin gida, kafin azahar ya shiga kowane ɗakin mata a garin.

Kansila ne ya fara zuwa. A hannunta ya yi firamare, don haka ya tuɓe takalmi tun daga waje ya durƙusa.

"Malama, ranki ya daɗe, ban ji daɗin ganin iyayenmu a tabarma ba."

"Tabarmar ce ta kai ƙararka, Honarabul?"

Muka yi dariya, shi ma ya yi. Kashegari sai ga mota da bencina, an shafa musu fenti mai launin jam'iyyarsa. Malama ta daɗe tana kallonsu. A wurinmu ba a mayar da kyauta, balle ta ɗan da ka rena. Ta ce a shigo da su. Daga ranar, magoya bayan Liman suka sa wa ajinmu suna ofishin jam'iyya.

Ba a jima ba Kansila ya dawo da buƙatarsa, zaɓe ya matso, yana so ta yi wa matan magana. Ta ce masa, "Na koya musu yadda za su karanta takardar ƙuri'a. Inda za su dangwala ba darasina ba ne." Ya fita yana murmushin da bai kai ido ba.

Liman kuma ya zo da kansa, ya tsaya a ƙofar zaure bai shigo ba. Mutum ne mai karatu, ba zan rage masa ba. Ya ce yana so ta gaya wa mata cewa duk wadda ta zaɓi mai hana gina makarantar addini tana da kamasho a zunubinsa.

"Allah ya gafarta Malam, a wane littafi zan nuna musu in sun tambaye ni?"

"Ke kin fi ni sanin littattafai, Malama."

"To shi ya sa."

Ya dube mu a kan bencinan nan masu launi, ya ce mace tana zaune tana karantar da mazan mutane, wannan ma abin dubawa ne. Ya juya.

Sai ruwa ya sauka da wuri. Ruwa ne mai kyau, ƙasa ta jiƙe har gwiwar hannu, ƙamshinta ya cika gari. Kansila ya samo buhunan irin masara na zamani, ya sa aka yi shela cewa za a raba kyauta, kowa ya shuka a makon nan don manyansa su zo su ga gonaki sun yi kore kafin zaɓe. Mu kuwa muka yi abin da muka saba, muka je zaure.

Ta ƙirga a yatsunta, ta sake ƙirgawa. Ta ce, "Muna cikin Surayya ne. Ruwan Surayya baƙo ne, yakan gaisa ya wuce. In da ni ce, zan riƙe irina sai tauraruwar Haƙ'a ta kama, wajen wata guda nan gaba. Ruwa dai na Allah ne."

Wani daga baya ya ce, "Malama, irin na kyauta ne fa."

"Irin kyauta ne. Ƙarfinka da takinka kuma na wa?"

Kafin magariba maganar ta kai kunnen Kansila, amma ta canza kaya a hanya. Aka ce masa Malama ta hana mutane karɓar irinsa. Yaransa suka riƙa zagayawa a kan babura suna cewa tsohuwa ta koma gidan Liman. Yawancin mutane suka shuka. Ni da wasu 'yan kaɗan muka riƙe namu, matata tana ta yi mini mita cewa kowa ya tsiro ni ina zaune ina ja wa tsohuwa layi a allo.

Masara ta fito gwanin sha'awa, ta kai tsawon yatsa, ta kai taƙi. Daga nan sama ta bushe. Kullum hadari ya haɗo daga gabas, ya yi baƙi, iska ta tashi ta watsa shi. Ganye ya fara nannaɗewa da rana, daga baya ya daina warwarewa ko da safe. Mutanen da suka sayar da akuya suka sayi taki suna tsaye a bakin gona suna kallo.

Na ɗauka yanzu za a gane ta faɗi gaskiya. Ban san mutane ba ke nan. A majalisa aka fara cewa, ta yaya ta sani? Wani ya ce ba sani ta yi ba, yi ta yi. Ai akwai masu ɗaure ruwa. Mutanen Kansila suka riƙe wannan da hannu biyu, don in ba ita ba ce, to shi ne ya sa talakawa suka binne dukiyarsu. A masallaci kuma aka yi huɗuba a kan masu duban taurari da masu da'awar sanin gaibu. Ba a ambaci suna ba, ba a kuma buƙaci a ambata ba.

Ajinmu ya fara raguwa. Mazaje suka hana matansu zuwa. Ranar ƙarshe mu uku ne a zaure. Na ce mata, "Malama, da kin fita kin yi musu bayani."

Ta ce, "Shekara nawa ina yi musu bayani a zauren nan? Ja layinka, Malam."

Aka sa ranar roƙon ruwa. Da hantsi muka fita bayan gari, manya da yara, kowa da tsohuwar riga. A nan na ga abin da ban zata ba: Kansila a sahun farko, daidai bayan Liman. Da aka idar aka juya riguna ciki ya koma waje kamar yadda ake yi, sai Kansila da Liman suka yi musabaha a gaban kowa, jama'a suka yi kabbara. Liman ya ce an ba Islamiyya rabin filin. Ya ƙara da cewa addu'a ba ta hawa sama matuƙar ana barin ɓarna a cikin gari. Bai faɗi fiye da haka ba. Wata murya daga cikin sahu ta kira sunan unguwar Malama.

Jama'a suka nufi can. Da babur na je filin, shi ya sa na riga su isa gidanta. Ban bi ta zaure ba, na zagaya ta shagon matar da nake sayen maganin feshi a wurinta. Kirista ce, iyayenta daga kudu suka zo amma a garin aka haife ta, ita ma ɗalibar Malama ce ta safe. Bayan shagonta da gidan Malama katanga ɗaya ce, da 'yar ƙofar langa-langa a tsakani. Tana ganin fuskata ta buɗe.

Muka tarar da Malama tana tsince shinkafa a faranti.

"Mama, tashi, suna zuwa," in ji mai shagon.

"Su wa? Wanda ban koya wa alif ba a cikinsu, na koya wa uwarsa."

Sai dutse na farko ya faɗa kan kwanon rufi. Na biyu ya fasa randar da ke tsakar gida. Ta leƙa ta saman katanga, ni ma na leƙa. Har yau in na rufe ido ina ganinsu: mutanen da na sani duka, rigunansu a juye, ɗinki a waje, aljihu na reto, bakinsu bai bushe daga addu'a ba. Malama ta ajiye farantin a hankali. Mai shagon ta yafa mata nata gyalen, muka fita da ita ta cikin shago, tsakanin buhunan taki. Na ɗauke ta a babur ta hanyar gonaki sai bakin titi, na sa ta a motar Malumfashi, inda ɗan ƙanwarta yake a wajen Dayi. Da za ta shiga mota ta ce, "Na bar shinkafa a buɗe, kaji za su ci."

Da na dawo an fasa allon. An fito da takardun hisabin mahaifinta za a ƙona, sai gardama ta tashi don akwai sunan Allah a ciki, Liman ya karɓe su ya ce zai adana. Da yamma Kansila ya turo mota ta kwashe bencinansa.

Kwana kaɗan bayan haka Haƙ'a ta kama. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, aka wayi gari kwalbatoci na ambaliya. Na fita da irina na shuka, a lokacin da ta ce. A hanyar gona na haɗu da maƙwabcina yana dariya har kunne.

"Ka gani ko? Tana fita, ya sauka!"

Na ce masa ai ta faɗa tun farko cewa yanzu zai zo.

"To ai shi ne! Ita ta san ranar da za ta kwance shi."

Na wuce gona. Gonata ta yi kyau a shekarar, har aka fara yi mini wani irin kallo, sai na riƙa shigo da amfanin kaɗan-kaɗan.

Karatuna na ci gaba da shi a wani aji da ake yi a Funtua ranar da ba kasuwa, da haƙuri har na kai inda nake iya rubuta wannan. Bazarar da ta biyo baya, da ruwan farko ya sauka, na hau babur na tafi Dayi. Na same ta a ɗaki a bayan gida, ta rame, ba allo ba littafi a kusa da ita. Ta gane ni, ta tambayi iyalina, ta tambayi mai shago. Na nuna mata rubutuna, ta ce kunyar ta fara miƙewa.

Sai na ce, "Malama, an yi ruwa jiya a wajenmu. Wane tauraro muke ciki?"

Na ga babban yatsanta ya taɓa ɗan ƙaramin, ya matsa zuwa na kusa da shi. Sai ta tsaya. Ta dunƙule hannun ta sa a ƙarƙashin mayafi.

"Ban sani ba, Malam. Ka shuka ranar da maƙwabtanka suka shuka."

Na zauna kaɗan, na yi mata sallama. Da na iso gida kowa ya fita da iri, ni ma na ɗauki nawa na bi su.