Kawu Shahata Ya Yi Kwanci a Sikotilan

Shekara talatin Kawu Shahata ya yi yana ɗaura wa raket, abin buga ƙwallo, zare a kulob ɗinmu na sikwash, wasan buga ƙaramin ƙwallon roba a bango, a Iskandariya, bai taɓa hawa jirgi ba. Da aka ce in raka yaranmu wasan nuni a Sikotilan, inda na yi karatu, sai ya kafe lallai da shi za a tafi.

Ƙwallon sikwash ba ya tashi sai ya yi ɗumi. A gida zafin gari ke rage mana wannan aikin. A can kuwa, ga sanyi, ranar farko Nuran, wadda ta fi kowa hannu, ta buga, ƙwallon ya faɗi tim kamar curin kwaɓin fulawa. Kashegari za ta yi wasa gaban jama'a, ta rantse ba za ta shiga ta sha kunya ba.

Da safe muka tarar da Kawu a kan benci, ya baje jallabiya, ko motsi ba ya yi.

"Kawu, taso mu sha shayi," in ji Nuran.

"Ke 'yar nan, miƙo min nan. Tun asuba nake kansu, guda shida."

"To yaushe za su ƙyanƙyashe?"

"Ranar da kika iya bugun hagu."

Da aka kira sunanta, ya ɗaga cinya ya zaro mata ƙwallo ɗaya mai ɗumi. Ta shiga tana dariya, ta ci wasan. Kawu ya yunƙura zai yi tsallen murna, ƙafafu suka ƙi, sai da mutum biyu suka ɗaga shi.