Tukunyar Gawayi a Kusurwar Gabas

Ni na ɗauki tukunyar a kaina ranar da aka binne ta, shi ya sa ba wanda zai gaya mini inda take. Ina amarya a lokacin, damina ɗaya da kai ni. Uban mijina ya raba wa 'ya'yansa gonar da ke hanyar Bande, aka yi abin da ake yi a garinmu: kowace kusurwa a haƙa rami har gwiwa, a sa ƙaramar tukunya cike da gawayi, a rufe. Gawayi ba ya ruɓewa, gara ba ta cinsa. A sama kuma a dasa gamba layi guda, shi ne iyakar da ido ke gani. In gardama ta taso, ba gamba ake tambaya ba, ƙasa ake tonawa.

Gefen gabas na rabonmu maigidana ya yanka mini gamana, wato 'yar gonar mace wadda take nomawa don kanta. Shekara da shekaru ina zuba ridi da gujiya a wurin. Sai wata shekara maƙwabcinmu na gabas, aminin maigidana, ya zo yana kukan bakuna sun yi masa yawa, ƙasa ta yi masa kaɗan. Maigida ya ce in ara masa gamanata damina biyu ko uku. Na ara. Mutumin ya dasa sabon gamba ta cikin namu, wai don kada shanun huɗarsa su shiga mana hatsi. Tsohon gamban kuwa aka yi ta yanka ana saƙa zana har ya mutu, ba wanda ya sake dasawa. Kafin damina ukun ta cika, ɗansa ya auri 'yata, maƙwabci ya zama suruki. Wa zai je ya ce wa suruki ya tashi daga gona? Bayan nan maigida ya rasu, maganar ta kwanta.

Shekarar da aka ce kowa ya yi wa gonarsa takarda, mutum biyu suka zo daga Magarya a kan moto, wato babur, bayan an gama ɗaure hatsi. Ɗaya yana riƙe da wata na'ura ruwan ɗorawa, ta fi telefon kauri, suna ce mata jepe'es. Ɗayan ya rataye busol a wuya, wani ɗan agogo mai allura da ke nuna arewa, ga littafi da bik a hannu. Ɗana na fari ya zo daga Kano, don da sunansa za a rubuta takardar a madadin ƙannensa. Tun yana ɗan shekara goma sha biyu yake can wurin kawunsa. Ba ya tuna inda tsohon gamban yake.

Na bi su da ƙwaryar ruwa, don mace ba ta zuwa awon gona hannu banza. Ban yi lakwal ba, wato boko, amma ido ba ya neman takardar shaida, kuma na kalli mai na'urar nan sosai. Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya san aikinsa. In ya isa kusurwa ba ya danna komai nan take. Sai ya tsaya cik, ya ɗaga ta daidai ƙirji, ya jira har wata lamba ta sauko ta yi ƙanƙanta. A kusurwar yamma akwai gawo, ya ce ganye yana tare mata sama, ya daɗe a tsaye fiye da ko'ina. Da abokinsa zai duba busol, ya sa wani mai gatari ya ja da baya, ya ce ƙarfe yana jan allurar. Kowace lamba sai sun kwafe ta a littafi, don pil, wato batirin na'urar, yana iya mutuwa a tsakiyar aiki.

Maigari taubashina ne, bai taɓa ganina ya ƙyale ba. Ya ce, "Ke tsohuwa, kin zura wa abin mutane ido, saya za ki yi?"

Na ce, "In ya iya nuna inda ka ɓoye goron mutane, zan saya."

Aka yi dariya. Mai na'urar ya ce, "Inna, wannan ba ta ƙarya. Inda aka tsaya yau, ko bayan shekara hamsin za ta dawo da mutum wurin."

Ban san lokacin nan cewa wannan maganar ce za ta ci ni ba.

Ɗana ne a gaba, shi ke nuna iyaka, suna biye. Da aka juyo gabas na ga ya kama layin sabon gamba, yana tafe hankali kwance, surukina yana gefensa yana gyaɗa kai. Ya tsaya a ƙarshen layin ya ce nan ne. Tukunyar tana can gaba, taku ashirin da 'yan kai, cikin kututturan ridin suruki.

Wanda ba ɗan wajenmu ba zai ce me ya hana ki magana. Ɗan fari ne. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa tsayawa gaban mutane na ce masa yi kaza ko bar kaza ba. Shi ma Yaya yake ce mini. Ga kuma uban mijin 'yata a tsaye, wanda ko ido ba ma haɗawa. In buɗe baki in ce ɗana bai san gonar ubansa ba, surukina kuma ya ci aro? Na yi tari. Na juya wajen gamban na ce, kamar da shi nake, "Wannan gamban dai yaro ne."

Da a cikin gida ne, da kowace mace ta gane. Maigari kuwa ya kwashe da dariya ya ce, "Ku ji ta, komai yaro ne a wurinta, har ni!"

Lambar ta sauko. Mai na'urar ya dubi jama'a ya ce, "Kowa ya yarda?" Aka ce an yarda. Sai ya juyo gare ni, ni kaɗai, ya ce, "Inna, akwai magana?" Surukina ya sunkuyar da kai yana tona ƙasa da yatsan ƙafa. Na ce, "Allah ya sanya albarka." Ya danna.

Da muka koma gida na aika ƙanwata ta gaya wa ɗana. Ta dawo ta ce ya dafe kai ya ce, "To me ya hana Yaya faɗa a can?" Washegari ya hau mota, kantinsa na jiransa.

Na ɗauki hauya na koma ni kaɗai. Kwana uku ina tono, don kurnar da nake auna wurin da ita an sare ta tuni, sai da na gano kututturenta. Rana ta uku wajen la'asar hauyar ta yi ƙwas. Na sa hannu na share, ga bakin tukunya, ga gawayi baƙi ƙirin kamar jiya aka zuba. Ban ɗaga ta ba. Tukunyar da aka ɗaga ta daina zama shaida. Na rufa mata tsohuwar zana na kira maigari, ya zo ya leƙa, wannan karon bai yi wasa ba.

Wata biyu bayan nan mai na'urar ya dawo awon wasu gonaki, na tare shi a bakin hanya. Ya saurare ni. Ya buɗe littafi ya zuba lambar kusurwarmu a cikin na'urar, wata kibiya ta fito, muka bi ta. Yana tafe yana faɗi, saura metir talatin, saura goma, saura huɗu. Daga nan kibiyar ta fara juyi, ya ce haka take yi in an matso, sai a tsaya a duba da ido. Muka duba. Ga mu a ƙarshen sabon gamba, inda ɗana ya tsaya.

Ya ce, "Kin gani, Inna? Daidai."

Na ce, "Na gani. Ta riƙe kuskuren da kyau."

Na kai shi ga ramin. Ya durƙusa ya taɓa gawayin. Ya tsaya a kan wurin ya ɗauki lambarsa, ya rubuta mini a guntuwar takarda. Ya ce ana gyarawa, amma sai ɓangare biyu sun zo sun dangwala hannu, da wanda sunansa ke kan takarda, da maƙwabci.

Tun daga ranar duk macen da ta ce mini masu awo za su zo gonarsu, abu ɗaya nake gaya mata. Ki je ki tone tukunyarki tun kwana biyu kafin su iso, ki bar ramin a buɗe, ya yi maganar da bakinki ba zai iya ba. Na'urar ba ta san gona ba, ƙafar wanda ke gaba take bi. Wasu sun ji, wasu sun ce tsohuwa ta rikice.

Maigari ya kai wa surukina maganar. Amsar da ya kawo mini ita ce, "Ni ban ce ba aro ba ne. Amma a gaban hukuma aka tambaye ta, ta sa albarka." Ɗana kuma ya ce ta telefon ɗin ƙanwata ba zai rufe kanti ya ƙetaro iyakar ƙasa saboda taku ashirin ba.

Wanda ya gama da ni ba ɗayansu ba ne. 'Yata ce ta shigo da hantsi, goye da jaririyarta, ta zauna a bakin ɗaki ba ta ko sha ruwa ba. Ta ce, "Inna, kwana shida ke nan ba wanda ya amsa gaisuwata a gidan can. Ke gona kike nema, ni a cikinsu nake kwana." Na dube ta. Ta rame.

Da rana ta yi sanyi na ɗauki hauya na tafi. Na janye zanar, na fara mai da ƙasa a kan tukunyar. Ina cikin turawa na ji tafiyar jaki a bayana. Surukina ne, ya ɗoro kara zai gida. Ya tsaya daga nesa yadda ya kamata, ya kau da fuska, ya ce, "Sannu da aiki."

Na durƙusa a kan ƙasar da na tura, na ce, "Yawwa, sannu da dawowa."