Sada Mai Gyaran Sandar Biliyado

Duk wanda ya taɓa riƙe sandar biliyado a unguwar Utaibiyya ta Makka ya san Sada. Biliyado shi ne wasan teburin nan da ake zungurar ƙwallaye da doguwar sanda, wanda a gida ake ce wa sinuka. Sada bai taɓa buga shi ba, don a ganinsa aikin marasa aikin yi ne. Amma sandar kam ya san ta ciki da waje.

Bakatsine ne, kafinta ɗan kafinta. Ya zo aikin Hajji yana saurayi, jirgin alhazai ya tashi ya bar shi, kuma ba bisa kuskure ba. A Makka ya auri Batulu mai sayar da tuwo, a nan suka haifi 'yarsu Sadiya, a nan furfura ta same shi, duk ba iƙama, wato takardar izinin zama. Ba shi da gida, ba shi da takarda. Abu ɗaya ya tara a zamansa: in Sada ya ce abu kaza ne, to kaza ɗin ne.

Wannan suna nasa shi Abdulmuhaimin ya hango. Abdulmuhaimin haifaffen Makka ne, kakansa ya zo da ƙafa daga Kano, shi kuwa ya tashi ɗan ƙasa, Hausarsa rabi Larabci. Ya buɗe shagon tebura da sandunan biliyado, ya ajiye Sada a ɗakin baya yana haɗa tebura. Wata rana ya kira shi da ammi, wato baffa, ya ce, "Ya ammi, ka faɗa wa jama'arka sandata tana da daman, garanti muddin rai. Ta karye ko ta kantare, a kawo a karɓi sabuwa, halas."

Da baki ya faɗa, Sada kuma da baki ya kai. Ya bi direbobi da magina da ke taruwa a gidan wasa bayan sun tashi aiki yana ce musu, "Ku saya, ni na tsaya maku." Suka yi ta saye.

Sai zafin Makka ya yi abin da ya saba. Wani direba mutumin Maraɗi, Dawuda, ya manta sandarsa a mota, ta kantare kamar ƙahon rago. Ya ɗauko ta bayan la'asar, shago cike da mutane, ya ɗora a kan kanta. Abdulmuhaimin ya mirgina ta, ya taɓe baki.

"Wa ya ce maka akwai daman?"

Dawuda ya nuna Sada.

"Wallah ni ban faɗa ba," in ji Abdulmuhaimin. "Kazzab ne. Kun san Takari, in zai sayar da abu ba ƙaryar da ba ya yi."

Wasu suka yi dariya. Dawuda bai yi ba. Ya sa sandar a gwiwa ya karya ta, ya jefa a gaban Sada, ya ce, "Baba, da furfurarka." Ya fice.

Sada ya tattara kayan aikinsa ya bar shagon a ranar. Ƙara ba ta yiwuwa, don wanda ba shi da iƙama in ya kai ƙara kansa ya kai. Ya isa gida zuciyarsa na tafasa, ya kasa ko shan ruwa. Batulu ta ce masa, "Malam, ka bar shi da Allah."

"Allah na nan, ban musa ba," in ji Sada. "Amma ni ma ina nan. Sai ya tsaya gaban mutane ya ce shi ya yi ƙarya ba ni ba."

Ya samu wani lungu a ƙarƙashin bene, bayan gidan wasa, ya kafa benci. Ya sa aka baza labari cewa duk mai sandar shagon Abdulmuhaimin ya kawo, gyara kyauta, muddin Sada na numfashi. Mutane suka ɗauka zautuwa ce. Ba su san ya zauna a ɗakin baya ya karanci kasuwar ba. Mai shagon sanda ba da sayen farko yake ci ba, da na biyu da na uku yake ci, idan fatar tsini ta cinye, ko mahaɗi ya sassauta, ko ice ya kantare, mutum ya yar ya sayi sabuwa. Wannan hanyar Sada ya zo ya tsaya a kai.

Wadda ta kantare sai ya turara ta a bakin tukunya, ya rataye ta da dutse a gindi har ta miƙe. Wadda tsininta ya cinye ya yanka fata ya liƙa da gam, ya goge da sanfefa. Wadda ta tsage ya ɗaure ta da zare ya shafe. Duk sandar da ya miƙa wa mai ita sai ya ce, "Je ka wuce ta gaban shagon da ita, kada ka sa ta a jaka." Daɗin da yake ji a lokacin ya fi na cin nama.

Ba a daɗe ba ya daina tambayar inda aka sayi sanda. Kowacce aka kawo gyarawa yake, don kowacce ya miƙe ciniki ɗaya ya kashe. In an miƙo masa wani abu sai ya ɓata rai. Gida kuwa tuwon Batulu ke riƙe da shi, sai abin da ya samo lokacin Hajji, in ya je Mina yana tura tsofaffi a keke. Da auren Sadiya ya zo, 'yar kafinta guda, gadon gwanjo aka kai ta da shi, ubanta na can yana turara sandar wani. Batulu ta yi wata ba ta yi masa magana ba. Ya ji zafin abin ƙwarai, amma bai tashi daga bencin ba.

Abdulmuhaimin ya so ya kira masa 'yan jawazat, jami'an shige da fice, sai ya tuna shi ya ajiye marar iƙama a shagonsa, tara a kansa za ta fara sauka. Ya aiko a ce Sada ya dawo aiki. Sada ya ce wa ɗan aiken, "Ka ce mashi ba aiki nike nema ba. Ya san abin da nike nema."

Shekarar da aka tsananta kamen marasa takarda, an kwashe rabin unguwa. Sada ya ɓuya a ɗaki da sandunan mutane, ƙura ta lafa ya fito ya ci gaba. Shagon kuwa ya yi ta ramewa. Gaskiya, wayar hannu ma ta ɗauke hankalin samari daga tebur, amma kada ka kuskura ka faɗi haka a gaban Sada. Shi a wurinsa hannunsa ne kaɗai ya yi aikin.

Wata rana da hantsi, an riga an liƙa wa shagon takardar haya, sai ga Abdulmuhaimin a bakin lungu. Ya faɗa, gemunsa ya yi fari. Akwai masu jiran sanda tsaye. Ya dube su, ya ɗaga murya.

"Ya jama'a, ni na ce akwai daman. Ni na yi ƙarya. Ammi Sada bai yi ƙarya ba."

"Sake faɗi," in ji Sada.

Ya sake.

Sada ya ɗaga kai don ya ga yadda maganar ta sauka a fuskoki. Masu jiran duk haifaffun Makka ne, da ƙyar suke jin Hausa. Ɗaya ya tambayi na kusa da shi da Larabci me wannan dattijo yake ba da haƙuri a kai. Sada ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, ba ko mutum ɗaya da yake shagon a ranar. Waɗancan an kama na kamawa, masu komawa gida sun koma. Dawuda yana cikin na farko da aka sa a jirgi, ya tafi da sanin Sada maƙaryaci ne, kuma ba wanda ke da lambarsa.

"Ka yafe mini, ya ammi?" in ji Abdulmuhaimin.

Sada ya jawo wata sanda ya ɗora a cinya.

"Tafi Maraɗi ka nemo Dawuda ka faɗa mashi," ya ce. "Ran da ya ji, ka dawo ka tambaye ni."